Rabin Biskit

Litinin, bayan la'asar

Yau jikana ya tsaya da ƙafarsa. Ya kama gefen kujera, ya miƙe, ya saki hannu ɗaya, ya dube ni yana jiran a tafa masa. Na yi ihu har sai da uwar mijin 'yata ta leƙo daga kicin, ta ɗauka wani abu ya fashe. Tun ranar da aka haife shi matata ta sauke ni daga muƙamina: shi ne Maigida, ni kuma Tsoho. Ban yi gardama ba. Haƙoransa huɗu, ni ma na kirkin da suka rage mini ba su fi haka da yawa ba.

Malamin da ya koya mana rubutu a ajin manya na yamma yakan ce, in abu ya yi maka nauyi ka sa rana a sama, ka sauke shi a ƙasa. Na so in fara da abin farin ciki, to na fara.

Ga sauran. 'Yata ba ta ga tsayuwar ba. Tana ɗaki a kwance, dawowarta ke nan daga wankin ƙoda. Tun haihuwar yaron nan ƙodarta duka biyu suka daina aiki. Likita ta ce na'ura riƙo take yi, ba warkarwa ba. Ta kuma ce mutum yana iya zama da ɗaya. Na je a ɓoye an gwada ni ko zan iya ba 'yata tawa ɗaya, jininmu ya dace. Sai dai likitar ta dubi tumbina, ta dubi awon jinina, ta ce ba za su taɓa ni a haka ba. Ba gishiri, ba suga, ba mai. In koma bayan wata ɗaya da rabi a sake dubawa.

'Yata ba ta sani ba. Ranar da na fara yi mata zancen cewa ta yi, "Baba, in ka kuskura ka je, wallahi na daina zuwa wankin." Na san halinta. In ta rantse ba ta sauka.

Talata, da safe

Matata ta dafa mini wake da ganye, ba gishiri ba mai. Ta dire kwanon har cokali ya yi tsalle. Ita kaɗai ta san zancen, kuma ba da son ranta ake yi ba.

"Ci, Tsoho. Abincin akuya ka nema, ga shi."

"Akuya ma ana ba ta gishiri ta lasa."

"Je ka gaya wa likitarka."

Ta juya tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Can ta ce ita ba ta shirya jinyar mutum biyu ba. Na ce ba jinyar biyu ba ce, tashin ɗaya ne. Ta ci gaba da goge tukunyarta.

Na cinye. Kamar mutum ya jiƙa garin katako ya haɗiye.

Laraba, da hantsi, a shago

Shekara da shekaru, in rana ta ɗaga nakan ajiye zarto mu sha shayi ni da Mai Fenti, wanda shagonsa ke jikin nawa. Shi yake kawo burodi da madara, ni nake dafa ruwa. Yau ya haɗa mini, ya cika suga yadda ya san ina so. Na ce ya bari, ruwan zafi kawai zan sha.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kafinta, aikin soja za ka shiga da tsufanka?"

Na ce ciki ne ya ɗan motsa.

"Wannan cikin? Ai in ya motsa sai duk layin nan ya ji."

Na yi dariya don ya ƙyale ni. Ya shanye nasa, ya shanye nawa, yana tsoma burodi yana lumshe ido da gangan. Na koma kan 'yar kujerar da nake yi wa Maigida. Katako mai kyau na ware masa, ba ragowar aikin wani ba.

Laraba, da yamma

Gidan surukaina a saman bene yake. In ka shiga falo, abin da za ka fara gani ƙaramin tebur ne na gilashi, a kansa kuma faranti. Uwar mijin 'yata kek take yi na sayarwa, kuma hannunta a buɗe yake, wannan ba zan hana ta ba. Ba a zama a falon nan baki yana hutawa. A raina Mai Faranti nake kiranta.

Yau kek ne da gyaɗa mai gishiri, da lemon kwalba mai sanyi har yana gumi.

"Bismilla, Malam."

"Na gode, Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Yanzu na tashi daga kan abinci."

"Kek ai ba abinci ba ne. Ku ɗanɗana mana, yanzu na sauke shi."

Na kusa cewa wallahi na ƙoshi, na kama bakina. Na ce sai wani zuwan. Ta bar farantin a gabana. Ƙamshin ya zauna mini a hanci har na iso gida.

Mijin 'yata ya dawo daga aiki, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ja farantin gabansa. Uwar ta ƙaro masa. Da farkon ciwon nan shi ya fara cewa zai je a gwada shi. Daga baya aka ce aiki ya yi masa yawa. Ba zan ce komai a kansa ba.

Juma'a, da rana

Yunwa.

Asabar, da yamma

Malama nake kiran 'yata, kuma da dalili. Na kai shekara arba'in ban iya rubuta sunana ba. Lokacin da na shiga ajin manya ita tana firamare. In na dawo sai ta hau bencina, ƙafafu suna lilo, ta duba mini aikin gida da jan biro. Ladanta biskit ɗaya da nake sayowa a hanya. Ba ta taɓa cinyewa ita kaɗai ba. Takan karya shi biyu ta ce, "Ɗalibi ya yi ƙoƙari," ta miƙo mini rabi. A haka muka girma, ni da ita.

Yau na shiga ɗakinta na tarar an jingina ta da filo, ta ɗan ji dama. Ita ma an hana ta kusan komai, ruwa ma aunawa ake yi, amma an bar mata biskit ɗaya da yamma. Ta karya, ta miƙo.

Na tanadar wa Mai Faranti amsa, na tanadar wa Mai Fenti. Ban tanadar wa wannan hannun komai ba.

Na ce, "Haƙori ne, Malama. Na can ciki."

"Wanne? Ai babu kowa a can ciki, Baba, duk sun yi ƙaura."

"Wanda ya rage ne yake kewar 'yan'uwansa."

Ta yi dariya, dariyar ta jawo mata tari. Ta ajiye rabin a kan durowa. Har na fito yana nan.

Na san rabin biskit ba zai motsa sikeli ba. Amma na san kaina. In na fara ba na tsayawa, tumbin nan shaida ne.

Litinin, da safe

Na huda sabon rami a bel ɗin wandona da ƙusa. Na nuna wa matata. Ta ce Allah ya sa alheri, irin faɗar da ake yi wa wanda ya sayi motar da ba ta tashi.

Laraba, da yamma

Uzurina ya fara ƙarewa. Na yi ciki, na yi haƙori, na yi yanzu na ci. Na yi tunanin in ce azumi nake, amma ba zan yi wa Allah ƙarya saboda kek ba.

Yau Mai Faranti ba ta koma kicin ba. Ta zauna a kujerar da ke kallona, ta naɗe hannu.

"Malam, ko wani abu aka ce muku game da abincin gidan nan?"

"Subhanallahi, Hajiya. Wa zai ce me?"

"To na ga kamar ƙyama ake yi. Da kuwa har a leda nake ƙulla muku ku tafi da shi. Mu dai ba mu taɓa sa wa kowa komai a abinci ba. 'Yarku ma ciwonta daga Allah ne."

Maganar ta sauka mini kamar guduma a yatsa. Na ce, "Hajiya, kek ɗinki ba shi da na biyu a garin nan. Laifin daga jikina ne, ba daga hannunki ba. Ki yi haƙuri da tsoho."

Ban taɓa zaɓar kalmomi da kyau haka ba, ko ranar da na je neman auren matata. Ta ɗauke farantin daga gabana ta dire gaban ɗanta. Ya ci yanka biyu, kansa a ƙasa, yana danna waya.

Ba zan ce komai a kansa ba.

Alhamis, da hantsi

Mai Fenti ya daina zuba mini. Ya kuma daina shigowa da kofinsa, a shagonsa yake sha. Ya gaya wa mai walda wai tun da na samu jika na zama babban mutum.

Asabar, da yamma

Na kai wa Maigida kujerarsa. Ya hau, ya sauko, ya cije ta, ya juya ta ya shiga ƙarƙashi. Ban taɓa yin aikin da aka yaba da shi haka ba. Na zauna a ƙasa muna ta kokawa, ya kama gemuna yana ja kamar shi ya shuka shi. Na manta da yunwa, na manta da kowa.

Sai kakarsa ta ba shi biskit. Ya tsotsa, ya jiƙa shi da yawu, ya rarrafo, ya dafa gwiwata ya miƙe, ya kawo mini shi baki. Yana cewa "am, am," yadda ake yi masa.

Na rufe baki na yi kamar ina tauna. Bai yarda ba, yaron nan ba a yi masa wayo. Ya dinga tura mini a leɓe. Na kau da kai. Ya dube ni, bakinsa ya karkace, ya fashe da kuka.

Mai Faranti ta zo ta sure shi. "Zo nan, ɗan albarka. Kai ma ka ga naka. Har na hannun jariri ba a ci."

Ƙofar ɗakin Malama a buɗe take. Ban waiwaya ba.

A kan matakala na lashi leɓena. Akwai zaƙi a wurin. Na goge da hannun riga.

Lahadi, da rana

Rami na biyu a bel.

Talata, da yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru a asibiti yau ba. An riƙe Malama, ba za ta kwana gida ba. Na dawo da takalmanta a leda domin ƙafar ta ƙi shiga.

Laraba, da azahar

Masu zuwa dubiya kowa da ledarsa. An mai da bencin da ke ƙofar ɗakin kamar kanti: dabino, biskit, alewa, lemo. Marar lafiya ba ta ci, sai masu gaisuwa suke ci wa junansu. Yau na ce "na gode, na ƙoshi" har na daina jin abin da nake faɗa. Wata tsohuwa da ban sani ba ta cusa mini dabino a aljihu, ta ce ai wannan ba a ƙin sa. Na yi mata godiya. Na ba mai shara.

Juma'a, da yamma

An sallamo ta. Na rakata har gado, na ja mata bargo, na fito. Mai Faranti ta biyo ni matakala, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ja ƙofa ta rufe a bayanta. Ba faranti a hannunta, sai na ga kamar ba ita ba.

"Malam, ku tsaya."

Na tsaya.

"Ku daina yi mini haka a cikin gidana."

"Me na yi, Hajiya?"

"Kun san abin da kuke yi. Ku zo ku zauna a gabansa, wando yana zamewa, kuna na gode, na gode. Ba gishiri, ba suga, ba mai. Kun ɗauka ban sani ba?"

Haka likita ta jero mini su, ɗaya bayan ɗaya, ba ta canza ko wuri ba. Ban gaya wa kowa ba sai matata, ita kuwa ba ta shiga sabgar matar nan.

Na ce, "A ina kika ji wannan?"

Ta kama ƙarfen matakala.

"Ɗanki ya je wurin likita?" na ce. "An gwada shi?"

"Tun kafin yaron ya fara zama."

"Ya dace?"

Ta kau da kai gefe. Da ta amsa ma da ya fi sauƙi.

"Aka ce ya rage jiki," na ce. "Shi ke nan abin da aka ce masa."

"Shi kaɗai gare ni, Malam. Ubansa a kan gadon tiyata ya tafi, aikin da aka ce ƙarami ne. Ku kuna da wasu 'ya'yan." Idonta a bushe. "Ni ban hana shi ba. Ban taɓa buɗe baki na ce kada ya yi ba. Abinci kawai nake ba shi. Uwa ba ta da ikon ba ɗanta abinci?"

Ina da magana cike da baki. Abin da ya fito shi ne, "Sai da safe, Hajiya."

Asabar, da safe

Ba ta hana shi ba. Abinci kawai take ba shi. Shi kuma ci kawai yake yi.

Na tuna duk yankan da na ga an ƙara masa. Da idona nake kallo, ina cewa a raina matar nan akwai kyauta.

Ina da wasu 'ya'yan, gaskiya ne. Wace ce a cikinsu ta zama ta ragowa?

Asabar, da rana

Na lalata ƙofar mutane. Na yanke ta ta gaza da faɗin yatsa biyu. Ban yi irin wannan kuskuren ba tun ina yaron shago.

Litinin, da hantsi

Mai Fenti ya shigo da kofi biyu. Ya ajiye mini ɗaya, ruwan zafi ne zalla da ɗan lemon tsami.

"Ban tambaye ka komai ba," ya ce. "Kada ka gaya mini komai. Amma ka sayi sabon wando, kana ba layin nan kunya."

Muka sha. Bai tsoma burodinsa a gabana ba, sai da ya juya baya.

Laraba, da yamma

Na je, na gaishe su, na ɗauki Maigida. An kawo faranti. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Mijin Malama ya ce, "Baba, kun rame." Na ce, "Kai kuwa ka yi kyau." Ya sunkuyar da kai.

Malama ta karya biskit ta ajiye rabin a kan durowa ba tare da ta miƙo ba. Ta ce haƙorin nan ya daɗe. Na ce tsohon haƙori ne, ba ya sauri.

Ban gaya mata abin da na ji a matakala ba. Ban gaya wa matata ba. Yanzu abu biyu nake ɗauke da su, kuma cikina babu komai.

Lahadi, da yamma

Gobe ne ranar komawa wurin likita. Rami na huɗu. Matata ta goge mini riga, ta ɗinke wandon ta baya. Da ta miƙo mini ta ce, "Ban san addu'ar da zan yi ba, Tsoho." Na ce ta yi wadda ta zo bakinta.

Litinin, da rana

Sun auna ni, sun ɗebi jini, sun ɗauki hoton ciki. Nas ta dubi sikeli ta ce, "Baba, kai jarumi ne." Na ji daɗi kamar ranar da aka ba ni takardar gama ajin manya. An ce in dawo Alhamis.

Alhamis, da azahar

Jiki ya ragu. Jini ya sauka. Suga ya daidaita. Likita ta ce a duk waɗanda ta ba wannan umarni ba ta ga wanda ya bi shi kamar ni ba.

Sannan ta juyo da hoton ta nuna mini da biro. Ƙodata ta hagu ta tsufa, aikinta kaɗan ne. Ta dama ce take ɗauke da ni. In suka cire mai kyau, na'ura za ta samu mutum biyu. Marar kyau kuwa ba a ba wa kowa.

Na ce na yarda, a cire mai kyau, ni na ci zamanina. Ta ce ba a yin haka. Na ce zan sa hannu, na iya rubuta sunana. Ta ce, "Baba, ba maganar sa hannu ba ce."

Da zan fita ta ce in ci gaba da wannan abincin, zai amfane ni.

Ni. Zai amfane ni.

Alhamis, da yamma

Daga asibiti ban je gida ba. Na hau benen nan ina hutawa a kowace kwana. Mai Faranti ta amsa sallamata daga kicin, ba ta fito ba.

Malama tana jingine, Maigida yana barci a gefenta da ƙafa ɗaya a kan cikinta. Na zauna. Na tambayi jiki. Ta ce da sauƙi. Ta ɗauko biskit ɗinta, ta karya, ta kai hannu za ta ajiye rabin a kan durowa.

Na miƙa hannu na karɓa.

Ta bi hannuna da kallo har ya kai baki. Sannan ta rufe ido, ta saki wani dogon numfashi.

"Sun ƙi ka ke nan."

Na daina tauna.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Alhamdu lillahi. Baba, tun ranar haƙori na sani. Kai da ko zazzaɓi kake yi sai ka karɓi rabinka?"

"To me ya hana ki magana? Ba kin rantse ba?"

"Na rantse. Sai na ga yaron nan." Ta shafa ƙafarsa. "Kullum sai in ce gobe zan hana ka. Goben ta zo in kasa. Ina so a ƙi ka, ina so a karɓe ka. Ka yafe mini, Baba."

Na ce babu abin yafewa. Na ce za a samu wani, duniya da faɗi. Na ce likita ta ce akwai layin masu jiran ƙoda. Ina ta zuba kamar rediyo don kada in faɗi abin da ke bakina.

Ta dube ni irin kallon da take yi mini in na rubuta harafi a juye.

"Baba, kwanciya na yi, ba makancewa ba. Ƙofar nan falo take kallo. Ina ganin wanda yake ci da wanda ba ya ci."

Ta ɗaga nata rabin. "Ɗalibi ya yi ƙoƙari," ta ce.

Na haɗiye nawa. Ban ji ɗanɗanon komai ba.

Juma'a, da safe

Matata ta tsaya da gishiri a hannu a kan tukunya, tana kallona. Idonta ya kumbura. Ban tambaye ta wace addu'ar ta yi ba.

Na ce kada ta sa.

Asabar, da yamma

Na tarar da su duka a falo. Mijin Malama a kan doguwar kujera, Maigida ya dafa 'yar kujerarsa yana dukan ta da cokali, ƙofar Malama a buɗe. Da ya gan ni ya saki cokalin, ya saki kujerar, ya ɗaga ƙafa ya taho. Taku biyu ya faɗo a hannuna. Na ɗaga shi sama ina dariya, hawaye yana shiga mini baki. Wannan gishirin dai likita ba ta hana ba.

Mai Faranti ta fito da kek. Ta ji labari, a fuskarta na gani. Ta ajiye a gabana a hankali, gilashin ko ƙara bai yi ba.

"Yanzu ai sai ku ci, Malam."

"Na gode, Hajiya. Allah ya ƙara buɗi, Allah ya sa albarka a hannun nan. Na ƙoshi."

Na ɗauki farantin da hannu biyu. Ban mayar mata ba. Na miƙe na kai shi gaban ɗanta, na ajiye, na gyara masa shi sosai yadda hannunsa zai kai ba wahala.

Na ce, "Bismilla, ɗana."

Na koma na zauna da jikana a cinya, ina kallonsa. Uwar tana tsaye da tawul a hannu. Daga ɗaki ba a ko motsi. Ya ɗago hannu, ya tsaya, ya mayar kan gwiwarsa.

Ban yi sauri ba. Na zauna har shayinsa ya huce, har Maigida ya yi barci a ƙirjina. Bai taɓa farantin ba. Bai kuma ture shi ba.

Da zan tafi Mai Faranti ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ai ba sai na riƙa wahalar hawa benen nan kullum ba. Na ce ba wahala, Hajiya, yanzu jikina ba nauyi.